Daga Makhzan Zuwa Magazin: Tarihin Kalmomin Aro Tsakanin Gareji da Asibiti

A arewacin birnin Kumasi, kan hanyar da ke zuwa Techiman da Tamale, akwai wata unguwa mai suna Suame. A cikinta ne ake da Suame Magazine, matattarar kanikawa da maƙera da masu walda da masu sayar da kayan gyaran mota, wadda ake lissafa ta cikin mafi girma a nahiyar Afirka. Adadin da aka fi ambata na masu neman abinci a wurin ya kai mutum 200,000. Direbobi kan kawo motocinsu daga Burkina Faso da Mali da Nijar da Togo, kuma ko da yake harshen Twi ne ya fi rinjaye a rumfunan, wanda ya kasa kunne zai ji Hausa tana kai da komo tsakanin mutanen Zongo da 'yan arewacin Ghana da baƙin da suka zo daga ƙetare. Abin da Panteka take a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Katako a Yamai, shi ne Magazin a Kumasi, sai dai ta fi su faɗi.

Tambayar da ta kamata mu fara da ita ita ce: me ya haɗa gareji da kalmar "magazine", alhali ɗan makaranta ya san fassararta ita ce mujalla? Amsar tana cikin tarihin wurin. A shekarun 1930, lokacin da motoci suka fara yawaita a ƙasar Asante, masu gyara suka riƙa kafa rumfuna kusa da wani tsohon ma'ajin makamai na sojojin mulkin mallaka a cikin Kumasi. Irin wannan ɗaki na ajiye albarushi da harsashi shi Turawan Ingila ke kira magazin. Da gari ya cika aka matsar da masu sana'ar zuwa Suame, sai suka kwashi kayan aikinsu tare da sunan. Yau a Ghana akwai garuruwan da in aka ce magazin, unguwar kanikawa ake nufi.

Amma tafiyar kalmar ta fi haka nisa, domin asalinta ba Turanci ba ne. Larabci ce: makhzan, wato wurin ajiya, jam'inta makhazin. 'Yan kasuwar Italiya da ke ciniki a gaɓar Bahar Rum suka ɗauke ta suka ce magazzino, Faransawa suka ce magasin, ta shiga Turanci a ƙarshen ƙarni na 16 da ma'anar rumbun kaya, musamman kayan yaƙi. A 1731 wani mai ɗab'i a Landan, Edward Cave, ya fara fitar da wata takarda ta wata-wata ya sa mata wannan suna, yana nufin rumbu ce ta labarai da ilimi, daga nan ma'anar mujalla ta samu. Kwanson da ake jera harsashi a cikinsa a jikin bindiga ma da sunan ake kiran sa. A Maroko kuwa har gobe ana kiran fada da hukumarta Makhzen, saboda can ne taskar haraji take. Mu ma kalmar ta iso mana ta wata ƙofar: mangaza da 'yan kasuwar Maraɗi da Damagaram ke ajiye haja a ciki, daga bakin Faransawa ta fito. Ke nan ɗan Zongon da ya ce zai tafi Magazin, da ɗan Maraɗin da ya ce zai buɗe mangaza, kalma guda suke faɗi, wadda malamin zaure ya san tushenta tun kafin Bature ya taka ƙasarmu.

Mun kawo wannan ne saboda wata magana da ake yawan yi, cewa Hausar Ghana, wadda ake kira Gananci, ta gurɓace da Turanci, kuma kayan aro ba ya rufe katara. Maganar tana da ƙanshin gaskiya ta wani gefen, za mu zo kansa. Amma kafin nan ya kamata mu san yadda Hausa ta zo Kumasi, da yadda Turanci ya same ta a can.

Goro ne ya fara kawo mu. Ayarin fatake kan taso daga Kano da Katsina ƙarƙashin madugu, su ratsa Borgu su bi ta Yendi har kasuwar Salaga a ƙasar Gwanja, su sauke kanwa da tufafi da fatu, su ɗauki goron dazukan Asante. Inda ayari ya yada zango, nan unguwa ke tsirowa, kuma wannan kalma ce ta zama Zongo a bakin mutanen Ghana. Da Thomas Bowdich ya ziyarci Kumasi a 1817, a zamanin Sarki Osei Bonsu, ya tarar da Musulmi a birnin suna da kusanci da fada. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 fatake da malamai suka watsu, wasu suka yi Kete Krachi kamar Alhaji Umaru, shahararren malamin nan haifaffen Kano wanda ya rasu a 1934, wasu kuma daga baya suka gangaro Kumasi.

Hanya ta biyu ita ce ta soja. A 1863 John Glover ya kafa wata runduna ta Hausawa a Legas. Sojojin Hausa suna cikin yaƙin 1874 da aka ƙona Kumasi, suna cikin waɗanda suka shigo a 1896 aka kama Sarki Prempeh na Ɗaya, haka kuma a yaƙin Yaa Asantewaa na 1900. Wannan ba tarihi ne mai daɗin ji ba, amma ta nan ne Hausa ta zama harshen bariki a ƙasar, kuma ta nan ne ayarin farko na kalmomin Turanci ya shigo mana: soja, kofur, saje, samanja, hafsa, kyaftin, bataliya, fareti. Kalmar bariki kanta abar lura ce. A Turanci masaukin soja kawai take nufi. Da ta zauna a Hausa sai ta haifi ɗan bariki da barikanci da zaman bariki, ta zama sunan wata irin rayuwa ta nesa da idon dangi, ma'anar da Baturen da ya kawo ta bai taɓa sani ba.

Jirgin ƙasa ya iso Kumasi daga Sekondi a 1903, daga Accra kuma a 1923. Cinikin koko ya haɓaka, manyan motoci suka karɓi aikin jakuna da 'yan dako. Da mota ta zo, sai ta zo da sunayen gaɓoɓinta, kuma a nan ne za mu ga gwanintar harshe. Hausa ba ta son baƙaƙe su cunkushe ba wasali a tsakani, kuma ta fi son kalma ta ƙare da wasali. Saboda haka ta sa guduma ta daidaita su: birki, sitiyari, salansa, kafireta, lagireto, fulogi, sukudireba. Harafin da Turawa ke furtawa da haɗe leɓɓa a farkon "petrol" da "paint" da "pump" da "patch" ya koma fa, aka sami fetur da fenti da famfo da faci. Sannan ta ba su jam'i irin nata: mota da motoci, taya da tayoyi, injin da injuna, direba da direbobi. Mafi ban sha'awa shi ne abin da ya sami "mechanic". Kunnen Bahaushe ya ji farkon kalmar kamar "ba" ɗin da ke cikin Bakano da Bakatsine, sai ya ce bakanike, jam'i kanikawa, sana'ar kuma kanikanci, kamar dai wata ƙabila ce mai garinta. Kalmar da ta kai wannan matsayi ta wuce a kira ta baƙuwa.

Sunayen nan suna kuma faɗa mana ta hannun wa suka biyo. Salansa da fetur lafazin Ingila ne, Amurkawa da wasu sunaye suke kiran su. Abin da direban Kano ke kira gas, wato man manyan motoci, direban Nijar gazuwal yake ce masa, domin Faransanci ne ya raine shi. A Amurka kuwa in ka ce gas, fetur za a zuba maka, a ajin kimiyya kuma iska ake nufi, wadda ba ruwa ba ce ba kuma daskararren abu ba. Biro a Kano alƙalami ne, sunan László Bíró ne ɗan ƙasar Hangari da ya ƙirƙiro shi, amma biro a Yamai ofis ne. Dala ta fara ne a matsayin sunan kuɗin azurfa na Turai, a Nijar ta zama sunan tamma biyar, a kasuwar canji kuma kuɗin Amurka. Wasu sunayen kamfanoni ne suka zama sunan kaya: Omo ga kowane garin sabulu, Maggi ga kowane ɗanɗanon miya, DAF ga babbar mota. A Kumasi ma akwai irin wannan: babban asibitin Komfo Anokye, jama'a Gee suke ce masa, sunan kamfanin 'yan kwangilar da ya gina shi a shekarun 1950.

Magazin ta yi tashen gaske a shekarun 1970 zuwa farkon 1980, lokacin da tattalin arzikin Ghana ya shiga matsi, sabbin kayan gyara suka yi wuyar samu. Dole ta sa kanikawa suka koyi ƙera abin da babu, su feƙe wannan su liƙa wancan, su ɗora gangar jikin katako a kan tsohuwar Bedford. A 1980 jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi ta buɗe wata cibiya a cikin Suame domin kusanto da injunan feƙe ƙarfe da dabarun narka shi ga masu sana'a, daga nan aka ƙara ƙwarewa wajen ƙera injin niƙa da makamantansa. Da aka buɗe ƙofar shigo da kaya bayan 1983, tsofaffin injuna daga Turai suka cika rumfuna, waɗanda mutanen Ghana ke kira "home used", mu kuma a Kano mu ce 'yan Beljiyam.

Abin da muke so a riƙe daga wannan tarihi shi ne, bakanike bai ari suna shi kaɗai ba. Yaron da ya shekara uku ko biyar a hannun maigidansa, in ya ce kafireta, ya kwance ta ya wanke ya mayar, ya san a cikinta ne iska da fetur ke gauraya kafin su shiga injin. In ya ce lagireto, ya san ruwa ne ke zagayawa ya kwashe zafi. Ko bai iya rubuta kalmar da Turanci ba, ma'anarta tana hannunsa. Shi ya sa aron bai cuce shi ba.

A asibiti labarin ya sha bamban, kuma a nan ne masu cewa kayan aro ba ya rufe katara suke da hujja. Can ma mun ari sunaye: asibiti, likita, nas, kwalara, olsa, taifot, maleriya. Wasu mun faɗaɗa musu ma'ana. Kalmar "theatre" a Turanci gidan wasan kwaikwayo ce, aka kira ɗakin fiɗa da ita saboda a da ɗalibai kan zauna a jere a sama suna kallon malaminsu yana aiki. Mu kuma muka ɗauki sunan ɗakin muka ba aikin, muka ce an yi wa wane tiyata. Allura kuwa tsohuwar kalma ce daga Larabci, ta ɗinki, muka ɗora mata sabon aiki. Wasu kuma mun ƙirƙira da kanmu, kamar ƙarin ruwa da ƙarin jini da rigakafi. Sai dai majinyaci ba ya buɗe jikinsa ya duba kamar yadda bakanike ke buɗe injin. Sunan yake karɓa, sauran ya cike da zato.

Mu ɗauki maleriya. Asalin kalmar daga Italiyanci ne, ma'anarta mugunyar iska, domin Turawan da suna zaton tururin fadama ke kawo ta. Sai a 1897 Ronald Ross ya gano ƙwayar cutar a cikin sauro. A nan fassararmu ta fi asalin daidai: zazzaɓin cizon sauro, suna ne da ke ɗauke da dalili da hanyar kariya. Amma a bakin jama'a yau, kusan kowane zafin jiki maleriya ne ko taifot, ko a haɗa su biyun kamar tagwaye. Alhali taifot wata ƙwaya ce dabam da ke shiga ta gurɓataccen ruwa da abinci, maganinta dabam, kuma gwaji ne kaɗai ke rarrabe su. Wanda ya sha maganin wannan yana fama da wancan, ya yi asarar kuɗi da lokaci, wani sa'in har da rai.

Haka kalmar ƙwayar cuta. Mun haɗa abubuwa biyu a suna guda: bakteriya, wadda halitta ce mai rayuwa da kanta, da bairas, wanda ba ya hayayyafa sai a cikin ƙwayar halittar wani. Magungunan da ake kira antibayotik, waɗanda jama'a ke ce wa kafso saboda kwanson da suke zuwa a ciki, bakteriya kawai suke kashewa, ba ruwansu da mura. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a 1928, ya yi gargaɗi tun 1945 cewa shan maganin ƙasa da ƙima zai koya wa ƙwayoyin cuta jure masa. Wanda ke sayen kafso biyu a teburin bakin tasha duk lokacin da jikinsa ya yi nauyi, wannan gargaɗin da shi ake.

Hawan jini ma yana ruɗar mutane, wasu suna zaton jini ne ya yi yawa. Maganar ta matsi ce: ƙarfin da jini ke tura bangon jijiya da shi. Bakanike zai fi kowa saurin gane wannan, domin ya san abin da ke faruwa in famfo yana tura ruwa da ƙarfi cikin tiyo mai ƙunci. Ya kuma san cewa tiyo ba ya kuka kafin ya fashe. Shi ya sa ake auna hawan jini ko mutum yana jin garau, kuma ba a daina shan magani don ciwon kai ya lafa.

Sai sikila, wadda magabata ke kira amosanin jini. Tushen sunan a Turanci lauje ne, saboda jajayen ƙwayoyin jinin mai cutar kan lanƙwashe kamar lauje su toshe ƙananan jijiyoyi. Wani likita a Chicago, James Herrick, shi ya fara bayyana siffar a rubuce a 1910. Kumasi tana da matsayi a wannan tarihi, domin a nan ne aka fara shirin gwada jarirai tun daga haihuwa a 1995, a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Kwaku Ohene-Frempong. Duk da haka har yanzu da yawa daga cikinmu suna rikita rukunin jini, wato A da B da AB da O, wanda ake dubawa kafin ƙarin jini, da gwajin gado na AA da AS da SS, wanda ake dubawa kafin aure. In mai AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS. Ba wai ɗa ɗaya cikin huɗu ne zai kamu a jere ba, lissafin sabo ne a kowace haihuwa. Jihar Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure a 2024, amma doka ba ta isa ba in wanda aka miƙa wa takardar sakamako bai san abin da haruffan ke nufi ba.

Bai kamata wannan ya sa mu ɗauka cewa mu kaɗai ne masu aro ba. Turanci ma maroƙi ne babba. Kalmarsu ta barasa, "alcohol", da kwallin da iyayenmu mata ke sawa a ido, tushensu ɗaya ne a Larabci. Sukari da "sugar" 'yan gida ɗaya ne, haka sifiri da "zero", haka kimiyya da "chemistry". Kwashiorkor, sunan cutar ƙarancin abinci mai gina jiki da ke cikin littattafan likitanci na duniya, daga harshen Ga na Accra ya fito, likita Cicely Williams ce ta shigar da shi a 1935. Mu ma mun ba Ghana aro mai yawa: waakye daga wake, koose daga ƙosai, tuo zaafi daga tuwo mai zafi, koko, kaya, wahala. Ba wanda ya ce Twi ko Ga sun lalace saboda haka.

Magabatanmu na kusa sun nuna hanya. Da aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, Abubakar Imam da abokan aikinsa sun sha fama da sabbin abubuwan da ba su da suna, haka ma sashen Hausa na BBC da aka buɗe a watan Maris na 1957, mako guda bayan Ghana ta sami 'yancin kai. Inda aro ya zauna a baki suka bar shi, inda fassara ta fi haske suka fassara, shi ya sa muke da jirgin sama da gidan waya da Majalisar Ɗinkin Duniya. Ma'aunin nasu shi ne mai sauraro ya gane.

Wannan ma'auni muke buƙata yau. Ma'aikacin lafiya ɗan Aboabo ko Asawase da ke jin Hausa, in ya faɗi sunan cuta ya ƙara da jimla biyu na bayani, ya yi rabin magani. Mai gabatar da shiri a rediyo da limamin da ke ɗaura aure suna da irin wannan dama. Shi kuma majinyaci kada kunya ta hana shi cewa a sake masa bayani, domin matambayi ba ya ɓata. Akwai kuma aiki a gaban ɗalibanmu na harshe: motocin yanzu sun koma na kwamfuta, kafireta tana ɓacewa, tsofaffin kanikawan da suka raɗa wa kowane ƙarfe suna suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. In ba a zauna da su a Suame da Panteka da Ƙofar Ruwa an rubuta kalmominsu ba, wani babi na tarihin Hausa zai tafi tare da su.

Masu bibiyar wannan shafi daga Kumasi da Accra da Tamale, ku kawo mana sunayen kayan aiki da na cututtuka kamar yadda ake faɗin su a Zongonku, mu gwada da na Kano da Maraɗi. Allah Ya ƙara mana lafiya da fahimta.